Ɓarawon Gani a Birnin Dalmasu

Da sunan Wanda ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya shimfiɗa ƙasa ba da turaku ba, ya rina fiffiken ƙwaro ba da karofi ba. Ku matso, ku gyara zama. Mai goro ya ɓare, marar goro ya dubi na kusa da shi. Ni ne Anaruwa marini, ɗan marini, jikan marini. Hannuwan nan da kuke gani baƙi ƙirin har gwiwa ba dauɗa ba ce, gado ne. Na taka ƙasashen da ba su da suna a bakin fatake, na sha ruwan da ban san kogin da ya haife shi ba, kuma zan gaya muku yadda aka taɓa gurfanar da ni gaban alƙali a kan satar abin da ba ya shiga aljihu.

A garinmu, idan damina ta fara ja da baya, gero ya sunkuyar da kai, ruwa ya koma yayyafi, sai malam-buɗe-littafi su cika gari. Akwai farare ƙanana masu taruwa bakin kwata kamar 'yan biki. Akwai masu ruwan ɗorawa. Akwai wani baƙi mai wutsiya irin ta tsattsewa. Amma guda ɗaya ne ya hana ni sukuni. Launinsa tsakanin ruwan goro ne da garwashin ƙirya, an ja masa baƙin gefe, an zuba farin ɗigo a kan gefen kamar aikin gwanin ɗinki. Shi ba ya zama. Kullum kudu ya nufa, shi da danginsa, kamar masu amsa kira.

Ni kuwa tun da na tashi shuɗi na sani, sai baƙi. Na ce a raina, inda waɗannan ke zuwa, can marinarsu take. In na gano ta, na kwaso wannan launi, ba wanda zai sake ambaton wani marini a ƙasar nan in ba ni ba.

Mahaifiyata ta ce, "Ɗan nan, 'ya'yan mutane na bin raƙuma, kai za ka bi ƙwaro?"

Na ce, "Inna, raƙumi kowa ya san inda za shi."

Na ɗauki sanda, da buta, da ɗan goran zuma, na bi su.

Na yi ta tafiya har na wuce inda ake jin harshenmu, na wuce inda ake jin labarin masu jin sa. Wannan bai dame ni ba, don matafiyi mai yunwa ba ya daɗewa bai koyi yaren masu tuwo ba. Na iso wani gari mai ganuwar gishiri, awaki na lasa ta waje, magina na ƙari ta ciki. Masu gadin ƙofa suka gicciya mini masu.

Babbansu ya ce, "Daga ina, zuwa ina?"

Na nuna sama na ce, "Waɗancan nake bi."

Suka ɗaga kai, suka dubi ƙwarin, suka dubi juna. Babban ya ce, "Allah sarki, kuma ga shi da tsafta. A kai shi turu kafin ya fara jifa."

Da na ga an ɗauko igiya sai na ce, "Ku dakata, ban ƙarasa ba. An ce mini inda suka sauka ana neman wanda za a naɗa sarauta."

Babban ya saki mashi ya ce, "Af! To ka faɗa mana tun farko! Mu mun zaci mahaukaci ne." Suka dama mini fura, suka raka ni har ƙofar kudu, ɗayansu yana riƙe da butata yana roƙon in an naɗa ni kada in manta da shi.

Daga nan na faɗa dajin tumfafiya. Ba irin tamu ta bakin kufai ba, wannan kowace ta kai rimi, nononta na zuba daga rassa kamar indararo. A dajin akwai wata irin shirwa mai girman rumbu, wadda ke surar jaki kamar ɗan tsako. Wata rana da hantsi na ga inuwarta ta rufe ni, tana kewaye tana saukowa. Ba kogo, ba rami. Amma na riga na lura ba tsuntsun da ke taɓa abokan tafiyata, don da ganyen tumfafiya aka yaye su, ɗaci ne da su. Sai na tuɓe riga, na shafe jikina da zuma, na tsaya kamar kututture. Kafin ta sauko ƙwarin sun lulluɓe ni tun daga ƙeya har diddige. Ta sauka gabana, ta karkata kai ta dube ni da ido ɗaya, ta karkata ta dube ni da ɗayan, ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, malam-buɗe-littafi mai ƙafa biyu da sanda. Ta yi wani tsaki ta tashi. Ƙudan zuma kuwa da suka zo gaisuwa daga baya, su ba su da irin wannan ladabi. Na fita daga dajin da leɓe kamar faifai, amma na fita.

Bayan dajin ne ƙasa ta buɗe, na hango birnin Dalmasu, da wata doguwar hasumiya a tsakiyarsa. Ban taɓa ganin gonaki irin nasu ba. Gero ya nuna har ya wuce nuna, kowace zangarniya ta kai zira'i biyu. Tsuntsayen jan-baki na sauka a kai kamar hayaƙi suna ci. Manoma kuwa suna zaune bakin gonaki, magirbi a kan cinya, hannu a haɓa. Abokan tafiyata kuma nan suka yada zango. Sun rufe itatuwa, sun rufe danga, sun rufe bayan shanu.

Na yi wa wani manomi sallama, siriri mai ɗan gemu, na ce, "Bawan Allah, tsuntsaye na yi maka girbi, kai kana kallo?"

Ya ce, "Lokaci bai yi ba."

Na ce, "Lokacin me? Ai geron nan har zuba yake."

Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ce, "Baƙo, da ganinka ka sha hanya. Sunana Korau. Taso mu je gida ka sha ruwa, ka rage tambaya."

Muka bi ta kasuwa. Na ga wata mai fura tana kore ƙwarin nan daga bakin ƙwarya tana cewa, "Kai, ganyen nan sun dame ni yau." Na ga wani mahauci, ɗaya ya sauka a kan hancinsa, yana ta ciniki kamar ba komai, idonsa har ya harɗe don ƙoƙarin kada ya dube shi. Ina cikin mamaki sai wani babba, sabo fil, wanda ban taɓa ganin mai kyansa ba, ya sauka a kan hular Korau, ya buɗe fiffike ya rufe. Raina ya yi fari, na ɗaga murya na ce, "Maigida, tsaya cik! Ga shi nan a kanka! Dubi malam-buɗe-littafi, jama'a, dubi launi!"

Mai fura ta saki ludayi. Korau ya ce a hankali, "Ka kashe ni, ka kashe kanka." Kafin in ce me, dogarai sun riƙe ni.

A gaban alƙali ne na ji abin da ba wanda ya iya gaya mini, don faɗarsa ma laifi ce. A Dalmasu wannan ƙwaro sunansa Baƙon Kaka, kuma ba a sa magirbi a gona sai ya iso. Isowarsa kuwa ba ta tabbata sai Sarkin Hange ya gan shi daga kan hasumiya ya yi shela. Gani na farko hakkin gidan Sarkin Hange ne tun kaka da kakanni. Kafin ya gani, ba wanda ya gani. Abin da ke tashi a gari ganye ne. Wanda ya riga shi kuwa ya yi satar gani, kuma idon da ya yi satar ana ɗiga masa nonon tumfafiya ya makance.

Ku tuna ni marini ne. Makaho na iya saƙar igiya, yana iya waƙa, amma ba a taɓa yin makahon marini ba.

Na ce, "Allah ya gafarta malam, ba a hukunci sai da shaida. A kira wanda ya ga abin da na gani, ya tabbatar akwai shi."

Alƙali ya dubi jama'a ya ce, "Akwai wanda ya ga wani abu?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Mai fura ta ce, "Ni ganye na gani." A lokacin guda biyu na zaune a kan rawanin alƙalin.

Na ce, "To, ka ji. Ba abin da aka gani, ba abin da aka sata."

Ya yi murmushi ya ce, "Baƙon nan ka iya shari'a. Sai dai mu ba mu ce ga shi nan ba, kai ka ce. Bakinka ne shaidarka, kuma duk kasuwa ta ji, ji kuwa ba laifi ba ne. Yanzu gaya mini, wane ido ne ya fara gani?"

Na yi lissafi a raina, na dama ya fi kaifi, sai na ce, "Na hagu ne."

Ya ce, "Ɓarawo ba ya tona babban abokinsa. Na dama za a ɗiga wa, ran kasuwa mai zuwa, a gindin hasumiya. Sai fa in Sarkin Hange ya ga Baƙo kafin nan, don ranar gani duk shari'ar gani takan mutu. Amma kada ka sa rai, bara sai da aka fara sanyi."

A Dalmasu ba su da gidan yari. Mai masauki shi ne kurkukun baƙonsa. Aka ɗaura igiya a ƙuguna, aka ɗaura ɗaya bakin a ƙugun Korau, aka ce in na gudu idonsa ne zai biya.

Muna fita ya ce, "Ruwa kawai na ce ka zo ka sha."

Na ce, "Ka yi haƙuri, maigida. Amma don Allah kai ba ka ji saukarsa a kanka ba?"

Ya ce, "Na ji ganye ya faɗo."

Akwai sauran al'ada guda. Dole ɓarawo ya mayar da abin da ya sata ga mai shi kafin hukunci. Don haka washegari aka hau da mu hasumiya in mayar wa Sarkin Hange ganinsa. Ina hawa ina cewa a raina lalle makaho zan tarar, ana ɓoye wa mutane. Ashe ba haka ba ne. Na sami ƙaton mutum a kan buzu, ya sha kwalli har kunne, idanunsa kamar na shaho. Muna isa ya ce da wani bafade, "Je ka gaya wa mutanen unguwar majema, zakaran da suka yanka yanzu an ga fiffikensa, a kawo cinya." Unguwar nan kuwa ni ko rufin ɗakunanta da ƙyar nake rarrabewa.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, na kawo maka abin da na sata."

Ya ce, "Zuba shi nan. Me ka gani?"

Na kwatanta masa launin, da baƙin gefen, da farin ɗigon. Ina cikin magana guda uku suka gifta ta gaban fuskarsa. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai.

Ya ce, "Irin waɗannan? Haba! Ashe ma jabu ka sata. Waɗannan 'yan share fage ne, ƙaryar ado kawai. Kullum dubunsu ke wucewa nan ina korarsu. Matso ka ga Baƙo na gaskiya, ko ka mutu da ilimi."

Ya zaro wata batta ta azurfa daga ƙirjinsa. Fadawa suka kau da kai suna cewa, "Lafiya, mai idon gari!" Ya buɗe. A ciki, a kan auduga, ga wani busasshen malam-buɗe-littafi, toka-toka, fiffikensa ya yi sharara kamar bawon albasa, gefe ɗaya ya gutsure.

Ya ce, "Kakan kakan kakana ne ya kama shi da hannunsa, shekarar da aka kafa garin nan. Da shi muke gwadawa. Sai mai irin wannan kama ya gifta nake shela."

Nan na gane abin da ke cinye geron Dalmasu. Sai kaka ta yi nisa, ƙwarin sun tsufa, iska da ƙaya sun goge su, sa'an nan wani gajiyayye zai rarrafo ya yi kama da na cikin batta. Da na yi shiru da ido ɗaya zan rasa. Amma ɗan sana'a in ya ga abin sana'arsa bakinsa ƙaiƙayi yake.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan shi ne waɗancan. Koɗewa ya yi. Ko turkuɗi ka ajiye shekara da shekaru haka zai koma. Ranar da kakanka ya kama shi, ja ne wur."

Korau ya ja igiya har na kusa kifewa. Sarkin Hange ya rufe batta a hankali ya ce, "Wato kakana ya koɗe."

Na ce, "Ba kakanka ba, ranka ya daɗe, ƙwaron."

Ya ce, "Wato ni da ubana da uban ubana, duk zaman da muka yi a kan hasumiyar nan rana na dukanmu, abin da kowace mai fura ke kora daga ƙwarya muke jira?"

Ban ce e ba, amma ban yi saurin cewa a'a ba. Ya ce da fadawa, "Ku gaya wa alƙali, na duba idon hagun ma, shi ma ɓarawo ne."

Muka sauko da hukuncin ido biyu. A gida matar Korau, Tabawa, ta ajiye mana tuwon dusa ta ce, "Ku ci, ku da kuka iya magana. Rumbu ya ƙare, gona na hannun tsuntsaye, kai kuma ka je ka auro mana baƙo da igiya."

Korau ya ce, "Ke dai bari. Ko bayan gida sai da shi."

Ana gobe kasuwa, da sassafe, na ce ya kai ni gonarsa in yi wa duniya kallon ban kwana. Raɓa ba ta bushe ba, ƙwarin na lafe a jikin karan gero, ba su iya tashi. Na ce a raina, na baro uwa da gari saboda launin nan, bari dai in taɓa shi sau ɗaya kafin a rufe ni. Na kama guda a hankali, na shafa babban yatsa a kan fiffiken. Sai launin ya biyo yatsana. Gari ne kawai, laushi kamar kwalli. Na tsoma yatsan a ruwan buta, garin ya taso sama ya watse, ko zare ɗaya ba zai rina ba. Babu marina, babu karofi, babu sirri. Ƙura na bi tun daga garinmu.

Na zauna daɓas a kan kunyar gero, Korau ma dole ya zauna. Ina shirin yin kuka sai na dubi abin da ke hannuna. Inda na shafa ya yi sharara, toka-toka, kamar bawon albasa.

Na ce, "Maigida, kana son ka yi girbi gobe?"

Ya ce, "Ina son in shiga Aljanna ma."

Na ce, "Dubi nan."

Ya ɗaga kai sama ya ce, "Ba abin da zan duba."

Na ce, "To, kada ka duba. Ara mini ƙoƙo da faifai. Wani ganye nake so ka ɓoye mini a cikin riga, gobe in na yi tari ka buɗe."

Ya kasa kunne yana sauraron jan-baki na ɓarzar geronsa. Can ya ce, "In dai ganye ne, ba dokar da ta hana mutum ɗaukar ganye."

Na goge fiffiken nan sarai, ciki da waje, na ɗan gutsure gefe ɗaya daidai inda na batta ya gutsure. Na sa masa furen tumfafiya a ƙoƙon don kada ya mutu kafin gobe.

Ran kasuwa da hantsi gari ya taru gindin hasumiya. Aka durƙusar da ni. Wanzami ya zo da kaskon nonon tumfafiya da gashin kaza na ɗigawa, yana ce mini, "Kada ka damu, hannuna da sauƙi, ba wanda ya taɓa dawowa ya ce bai yi ba." Alƙali ya zauna. Na yi tari. Korau ya ɗaga kai sama yana karanta wani abu, ya zame faifai.

Tsohon da na ƙera ya fito. Ni na zaci zai tashi sama ya gifta gaban Sarkin Hange. Ina! Na goge masa ƙarfi tare da launi. Ya yi tangal-tangal kamar mashayi, ya kewaya sau ɗaya, ya faɗa a bakin kaskon wanzami ya lafe. Duk wanda ke wurin ya gan shi, don na ji numfashin taro ya tsaya. Amma ba mai ikon ya gani. Wanda ke da ikon kuwa yana can sama, ya zuba wa gabas ido. Wanzami ya tsoma gashin kaza a kasko, yana kewaye ƙwaron da hannu kamar mai tsoron wuta, ya kama haɓata.

Na yi kururuwa na ce, "Allah ya gafarta malam, roƙo ɗaya! Ko ɗan akuya ana ba shi ruwa kafin wuƙa!"

Alƙali ya ce, "Faɗi."

Na ɗaga murya yadda za ta kai sama na ce, "Idanun nan sun ga ƙasashe, sun ga sarakuna, amma ba su taɓa ganin fuska irin ta Sarkin Hange ba. In dai za a rufe su, a bar ni in rufe su a kanta. In ta zama abin da na gani na ƙarshe, duhun ma zai yi mini haske!"

Sai muka ji murya daga sama: "Me ya ce game da fuska?"

Fadawa suka maimaita masa, suka ƙara gishiri. Can sai ga takun saukowa, a hankali, don har ya tsaya a hanya ya ƙara kwalli. Ya fito, ya tsaya gabana, ya gyara rawani, ya juya mini gefen da ya fi so ya ce, "To, kalla ka ƙoshi. Ɓarawo ne, amma ya san abu mai kyau."

Na ƙura masa ido, ina addu'a tsohon nan kada ya mutu, kada kuma ya faɗa cikin kasko. Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan sunkuyo, hasken ya yi mini yawa." Ya sunkuyo. Idonsa ya sauka kan kasko.

Na ga idanun nan masu kwalli sun buɗe. Ya zaro batta, ya buɗe, ya dubi ciki, ya dubi bakin kasko, ya sake duban ciki. Sai ya daka tsalle da ƙibarsa duka ya ce, "Na gani! Na gani! Baƙo ya iso! Har gutsuren!"

Wayyo, ku zo ku ga gari! Tambura suka ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa. Mutanen da suka yi wata guda suna kore ganye daga abincinsu suka shiga nuna wa juna itatuwa suna cewa, "Kai, dubi 'yan rakiyarsa! Yaushe suka zo?" Manoma suka ruga gonaki da magirbi. Wanzami ya ajiye gashin kaza, ransa a ɓace.

Na miƙe zan kwance igiya, alƙali ya ce, "Dakata. Shari'ar sata ta mutu. Saura ta ɓatanci. An ce ka ce abin da ke cikin batta koɗewa ya yi. In ka tsaya a kan haka, kasko na nan bai bushe ba. Yanzu ga Baƙo a gabanka, kowa na da izinin gani. Dube shi da kyau ka gaya wa jama'a, wane launi ne Baƙon Kaka?"

A lokacin akwai ɗaya a kafaɗata, ɗaya a gwiwar alƙali, wasu ɗari a kan rumfa, kowanne na ci kamar garwashi. Babban yatsana kuma har yanzu da sauran jan gari a gefen farce. Na dunƙule hannu na tura cikin riga.

Na ce, "Toka-toka ne, Allah ya gafarta malam."

Ya ce, "Da can fa?"

Na ce, "Da can ma toka-toka ne. Haka aka halicce shi."

Ya dubi jama'a ya ce, "Kun gani? Ko ba a ɗiga ba, ƙamshin maganin kaɗai ya gyara masa ido. A kwance shi."

Ban kwana a garin ba. Tabawa ta ƙulla mini ɗanyen gero a tsumma ta ce in tafi da bakina can wani gari. Korau ya raka ni har bayan ganuwa, magirbi a kafaɗa, dammunan farko sun fara shigowa a kan jakuna. Ƙoƙon nan da faifai har yanzu suna cikin rigarsa, ina jin suna ƙwanƙwasar juna. Da muka zo rabuwa na riƙe hannunsa, ina jira ya ce wani abu game da abin da muka yi, ni da shi.

Ya juya ya dubi hasumiya, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Ka gani ko, baƙo? Ka zo kana ta surutu. Tun da aka haife ni ba a taɓa gani da wuri kamar bana ba. Wallahi ido irin na Sarkin Hangenmu, sai an tona."

Na ce, "Sai an tona, maigida."

Na saɓa sandata na kama hanya, ina kallon gabana da idanu biyu.